Motar Lantarki Ta Yi Tsada, Ƙananan Motoci Na Ƙarewa: Me Zai Kai Mana Buhu Kasuwa?



Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, akwai maganar da ke yawo a majalisu da tashoshin mota: wai motar lantarki na nan tafe, ba ta shan mai, kowa zai huta. Har a tarukan ƙungiyoyi a nan yankin Farin Dutse an fara tambaya ko a dakata da sayen abin ɗaukar kaya a jira na lantarki. Amsata a taƙaice ita ce kada a jira. Akwai ma abin da ya fi tsadar motar lantarki damuna, wato ƙaramar motar nan mai araha da muka saba lodawa buhu tana ƙarewa tun daga inda ake ƙera ta, kuma mu ne za mu fi kowa jin abin a jika.

Ka tsaya bakin titi ranar kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu ka ƙirga abin da ke shigo da kaya. Golf 3 mai dogon baya, an cire kujerar baya an danna buhunan riɗi har rufi. Sharon. Tsohuwar J5. A-kori-kura da Kanta nan da can, sai kurkura da babura da amalanken shanu. Golf 3 ɗin nan kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitar da ita a 1991, ya kuma daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000. Wato mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25. J5 ta girme ta. Fijo 504 da iyayenmu suka sani, wadda aka riƙa haɗawa a kamfanin Fijo na Kaduna da aka buɗe a 1975, ita ma an daina ta tun tsakiyar shekarun 2000.

Babu ɗaya daga cikin motocin nan da aka sayo sabuwa domin ƙauyenmu. Bature ne ya saye ta sabuwa, ya hau shekara takwas ko goma, aka sa ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Wani ma'aikaci a Kano ya saya ya more ta. Daga shi ta koma hannun direban haya. Sai da ta gaji sannan ta iso hanyar Gwaram, inda bakanike ya ƙara mata sifirin, ya ɗaga bayanta, ta koma jakar kaya. Mu ne ƙarshen layi. Shi ya sa duk abin da ya faru a farkon layin, ko da bayan shekara goma ne, sai ya iso mu.

To, a farkon layin ƙofa na rufewa. Kamfanin Ford ya daina ƙera Fiesta a watan Yulin 2023, motar da ya fara fitarwa tun 1976. Volkswagen ya daina ƙaramar motarsa mai suna Up a wannan shekarar, ya kuma riga ya daina Sharon a 2022. Ƙananan motocin Fijo 108 da Citroën C1 su ma an tsayar da su. A Amurka, matsakaicin farashin sabuwar mota ya kai wajen dala 48,000 zuwa 50,000, sabuwar mota ta ƙasa da dala 20,000 kuwa ta kusa zama tarihi.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Ribar ƙaramar mota kaɗan ce. Dokokin Turai kan hayaƙi sun tsananta, sannan daga Yulin 2024 an wajabta wa kowace sabuwar mota na'urori irin su mai gargaɗin gudu da mai taka birki da kanta in ta hango haɗari. Kuɗin sa waɗannan kaya a ƙaramar mota da babba kusan ɗaya ne, amma a babba ne ake iya ɓoye shi cikin farashi. Kamar mai shago ne da ya ga ribar buhu ɗaya ta fi ta kwano ashirin, sai ya daina awo. Kamfanoni suka karkata ga jif, har ya zama a 2023 kusan rabin motocin da aka sayar a duniya jif ne. Ga kuma dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta hana sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035. Ana ta ja-in-ja kan sassauta ta, amma kamfanoni sun riga sun zuba kuɗinsu a ɓangaren lantarki. Motar da ba a ƙera yau ba kuwa, ba za ta sauka a Kwatano nan da shekara goma ba.

Sai kuma namu na gida. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wanda ya taɓa tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Katsina da Kano. An rufe iyakokin a Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu daga cikinsu. A 2022 hukumar kwastam ta koma ƙiyasta kuɗin fito da lambar jikin mota, ta kuma ce motar da za a shigo da ita kada ta wuce shekara 12. Sannan a Yunin 2023 aka saki naira: dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Da dala ake sayen tokumbo, da lissafin dala ake biyan fito, da dala ake shigo da kayan gyara. Fetur kuwa daga ƙasa da naira 200 ya tashi zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya haura 1,000 a Oktoban 2024.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Motocin da shekarunsu suka dace da dokar kwastam ba irin Golf 3 ba ne. Cike suke da kwamfuta, injinsu ƙanana ne masu laulayi, ba sa son gurɓataccen mai, kuma in fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'urar bincike. Bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya da sifana da guduma, wanda shi ya riƙe mana motoci shekara da shekaru, ba lalle ya iya da su ba.

Wani zai ce shi ba shi da mota, ina ruwansa? Ruwanka na cikin buhunka. Dillalin da ya zo saye a ƙauye yakan cire kuɗin mota daga farashin da zai ba ka, kuma in motoci sun yi ƙaranci yakan cire fiye da abin da ya biya, don ya san ba ka da zaɓi. Mai gero ko dawa na iya adanawa ya jira. Mai tumatir da kankana da attaruhu ba shi da wannan damar. Kwana biyu babu mota, kayan sun zama na dabbobi. Taki ma a mota yake zuwa. Sannan in naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, Golf ɗin nan dai ita ake bugawa ƙofa a garzaya asibitin tarayya na Birnin Kudu.

Yanzu mu zo kan ita motar lantarkin. Gaskiya ne ta yi nisa a duniya. A 2024 an sayar da sama da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar da aka sayar, yawanci a ƙasar Sin. A can ma akwai masu arha: ƙaramar BYD Seagull ana sayar da ita wajen dala 10,000. Habasha ta hana shigo da motocin gida masu shan fetur tun 2024, amma ita tana da manyan madatsun ruwa masu ba ta wuta mai arha. A nan Najeriya, kamfanin Stallion ya haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, aka ƙaddamar da ita a 2021 kan wajen naira miliyan 24, tun kafin naira ta faɗi. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ta gina wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a wannan shekarar. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas-bas masu fetur zuwa lantarki, gwamnatin Borno kuma ta sa motocin haya na lantarki a cikin gari. A 2024 gwamnatin tarayya ta cire harajin VAT a kan motocin lantarki da kayan iskar gas na mota. Duk wannan ci gaba ne, ban raina ba. Amma ku lura duk a birni ne, kan kwalta, tafiya gajera, fasinja ba buhu ba.

Mu ɗauki ko da mafi arhar ce, ta dala 10,000. A kan naira 1,500 ta kama miliyan 15 tun tana ƙasar Sin, ba a sa kuɗin jirgi da fito ba. Motar mutum huɗu ce, ƙasa-ƙasa, batirinta na shimfiɗe a ƙarƙashin ciki, daidai inda dutse da kwazazzabon damina ke bugu. Batir shi ne ran motar, shi ne kuma mafi tsada a jikinta. Farashinsa ya sauko sosai, a 2024 matsakaicinsa a duniya ya kai wajen dala 115 kan kowane kilowat na awa ɗaya, wato abin da muke kira yunit a mitar wuta. Batir mai yunit 40 ke nan ya kama dala 4,600, kusan naira miliyan 7, a farashin kamfani. Wannan ne ya sa tokumbon lantarki ba za ta zama kamar tokumbon fetur ba. Tsohon inji ana sauke shi a canja ringi a mayar. Tsohon batir in ya gaji sai dai sabo, zafin watan Afrilu irin namu kuma na saurin gajiyar da shi.

Ga lissafin da nake so kowane sakataren ƙungiya ya rubuta a littafinsa. Ƙaramar motar fetur na shan wajen lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 in ba a danne ta da kaya ba. Mu sa lita naira 1,000 don lissafi ya yi sauƙi: naira 8,000 ke nan. Ta lantarki na cin wajen yunit 16 a wannan tafiyar. In kana kan layin da ake kira Band A, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 a Afrilun 2024 sannan aka ɗan rage, za ka biya wajen naira 3,500. Riba a fili. Amma wa ke kan Band A a ƙauyukan Gwaram? Wani garin ma waya ba ta je ba, wani ta je taransifoma ta ƙone. Kowa na tuna Oktoban 2024 da Arewa kusan gaba ɗaya ta yi kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. In ka ce za ka yi caji da janareto, ƙaramin janareton fetur ba ya wuce yunit 2 a kowace lita. Yunit 16 zai sha lita 8. Ka ga an dawo gidan jiya: man da mota za ta sha, janareto ya shanye, ga kuma miliyoyin da ka zuba.

Saura sola. Farantin sola babba mai wat 550, a ranarmu ta Jigawa, yana ba da wajen yunit 2 da rabi a yini in an share masa ƙura. Cika batir mai yunit 40 a rana ɗaya na buƙatar faranti 16 ko fiye, da inbata mai ƙarfi. Kuma da rana ake cajin, lokacin da ya kamata motar tana hanyar Dawanau.

Amma wannan lissafin da ya kayar da mota, shi ne yake tsayar da ƙananan abubuwan hawa, kuma nan ne nake ganin ya kamata ƙungiyoyi su sa ido. Kurkura ko adaidaita mai lantarki batirinta bai wuce yunit 5 zuwa 8 ba, na babur ma ƙasa da haka. Faranti uku ko huɗu sun isa. Aikin da muke yi da su kuma gajere ne: daga gona zuwa gida, daga ƙauye zuwa bakin kwalta, daga rumbu zuwa injin casa, kilomita goma, ashirin, talatin. Ga wani abu da ke hannunmu tuni. Masu noman rani da yawa sun bar injin ban ruwa mai fetur sun koma famfon sola tun da mai ya yi tsada. Farantan nan da damina a jingine suke a ɗaki, da kaka ma, lokacin da aikin kwasar amfani ya fi yawa, ba su shiga aiki sosai ba. Ƙungiyar da ta haɗa farantan mambobinta wuri guda, ta samu ƙwararren mai haɗa sola ya sa na'urar caji da ta dace, ta samu gidan manta na kanta. Na ce ƙwararre, don wutar da famfo ke ja daban take da wadda batir ke so, haɗin kai-tsaye na iya ƙona batir ko ma ya tada gobara.

Ko a nan ɗin ma kada a yi gaggawa. Batir iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Akwai na dalma, irin na mota da na inbata, mai arha da nauyi, wanda cajin da zai ɗauka kafin ya mutu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Akwai na litiyam, mai tsada, wanda nagarinsa ke kaiwa caji dubu biyu ko fiye. Mai sayarwa zai ce maka keke na yin kilomita 100 da caji ɗaya. Wannan lissafin kan kwalta ne, babu kaya. Ka ce a loda mata buhu shida a bi da ita hanyar yashi da tudu irin tamu, kana zaune a ciki, ka ga inda za ta tsaya. A tambayi kuɗin sabon batir tun kafin a saya, a rubuta garanti a takarda da sa hannu, a san inda shagon yake da wanda zai gyara in ta tsaya. Wanda ya turo hoto a Facebook ko WhatsApp ya ce a tura kafin alƙalami don a sa sunan ƙungiya a rabon gwamnati, a bar shi da hotonsa.

Kuma a riƙa cire kuɗin batir kullum kamar adashi. A ce batirin naira miliyan ɗaya da rabi ne, a ce zai ɗauki caji 1,500. Kowane caji ya ci naira 1,000 ke nan, ko da hasken rana kyauta ne. Kurkurar fetur da ta yi kilomita 80 za ta sha wajen lita 3 zuwa 4, ga baƙin mai da fulogi. Akwai rata mai kyau tsakaninsu, amma ƙungiyar da ta ɗauki duk kuɗin da aka samu a matsayin riba ta raba, ranar da batir ya mutu za ta wayi gari da ƙarfe a tsakar gida.

Iskar gas ta mota, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, ta fi fetur arha ƙwarai, kuma tsohuwar mota ma ana iya juya ta. Abin dubawa shi ne nisan gidan iskar da ya fi kusa da kai, da kuma tukunyar da ke cinye wurin buhu biyu a bayan mota. Ga direban da ke zirga-zirgar Kano kullum tana iya biya. A guji tukunyar da aka yi wa walda a gida. Irinta ce ta fashe a wani gidan iska a Benin a Oktoban 2024.

Me ya rage wa doguwar tafiya, daga nan zuwa Kano, kilomita ɗari da wani abu? Na shekaru masu zuwa dai fetur da dizal ne, kuma motocin za su ƙara tsufa, su ƙara tsada. Don haka wanda ke da tsohuwar Golf ko a-kori-kura mai lafiya kada ya sayar don an ce zamaninta ya wuce. Ya canja baƙin mai a kan lokaci, ya wanke matatar iska da hunturu, ya rage lodin da ke karya sifirin da fasa taya. Buhu biyun da ake ƙarawa a sama ba su kai kuɗin giya ba. Mai shanun huɗa da amalanke shi ma ya riƙe abinsa. A kan kilomita biyar na farko daga gona, har yanzu babu abin da ya kai su arha, ga taki kyauta.

Babban abin da ke hannun ƙungiya shi ne haɗa kaya. Manomi goma kowa ya ɗauki buhu huɗu ya hau motar kasuwa, an biya kuɗin buhu arba'in a farashin ɗai-ɗai, an biya kuɗin kujera goma zuwa da dawowa, an yi asarar yinin mutum goma. In aka tara buhunan a rumbu ɗaya, aka auna, aka rubuta sunan kowa a jikin nasa, Kanta ɗaya ta ɗauke su da wakilai biyu. A yi ciniki da direba kan zuwa da dawowa, ya dawo da taki ko iri ko dusa, don motar da ta dawo wayam kai ne ka biya man dawowarta ko ba a faɗa maka ba. Direban da ya san yana da lodi tabbatacce duk mako daga ƙungiya ɗaya yakan sauko da farashi, kuma shi ne zai ɗaga waya in an kira shi da dare.

Kafin ƙungiya ta ce za ta sayi motar kanta, ta fetur ko ta lantarki, ta yi kaka ɗaya da rani ɗaya tana rubuta buhu nawa ta fitar, zuwa ina, nawa aka biya kan kowane buhu, kwana nawa kaya suka jira mota. In littafin ya nuna yawancin kuɗin na tafiya ne tsakanin gona da bakin kwalta, kurkura ce maganin, kuma ta lantarki ta cancanci a gwada guda ɗaya tare da farantan famfo. In ya nuna doguwar hanya ce ke cin kuɗin, a ƙulla yarjejeniya da direba, a bar kuɗin ƙungiya a taki da rumbu.